Farin Zaren Wuyan Rahmatu

…to, yau ke nan arba'in. Ya ƙirga jiya da yatsu, ya sake ƙirgawa ɗazu bayan sallar asuba, ko Allah zai sa ya yi kuskuren kwana ɗaya. Babu kuskure. Kwana arba'in cif tun ranar da Albarka wanzami ya ɗora aska a wuyan matar ɗansa.

Yana zaune a gindin darnin da ya raba sashensa da na ɗansa Lukuman, kan tsohon buzu, zabirar aski a gefe ba a kwance ba. Wai yana shan hantsi. Hantsin me, a wannan bazarar ta Kalgo da ko kaza inuwa take nema? Kowa a gidan ya san abin da ya zaunar da shi, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Jira yake a fara niƙa.

Ubansa, wanda ya koya masa aska can Gwandu, shi ya yanka wa'adin. In zaren murya buguwa kawai ya yi, kafin arba'in zai farfaɗo. In kuwa ya tsinke… tsohon bai ƙarasa ba, hannu kawai ya kaɗa. Allah ya ji ƙansa, bai cika ƙarasa magana ba.

An zuba gero a ƙwarya — ya ji. Takun ƙafa. Nata ne, tana ɗan jan ta hagu. Shekara shida ke nan yana sanin yarinyar nan ta cikin kara. Rahmatu. Ko a zuci sai ya waiga kafin ya ambaci sunan. In aka ce ya siffanta fuskarta, wallahi sai ya yi ƙarya, don bai taɓa tsayar da ido a kanta ba. Amma muryar! Muryar kam ya haddace ta. Da dutse ya fara gurzawa sai ta tashi, siririya da farko, sannan ta buɗe har matan maƙwabta su riƙa amsa mata ta kan katanga. Tana yi wa gero tsiya. Tana kiran Kambaza, garin uwarta, tana lissafa itatuwan hanya ɗaya bayan ɗaya. Mijinta kuwa, tun da ba ta faɗin sunansa, sai ta ce ɗan mai zabira, wanda ya aske wa liman rabin kai hadari ya kore shi. Rannan har shi kansa ta sa a waƙa — tsoho mai tari uku kafin ya shigo gida. Ya cusa baki a hannun riga ya yi ta dariya har da hawaye. Bai faɗa wa kowa ba, ko Indo matarsa.

Gaba da gaba fa? Gaba da gaba babu murya. Ta durƙusa can nesa, taku goma, kai a ƙasa, leɓe ya motsa. Ina kwana ce, an sani, amma sai dai a sani. Shi kuma ya amsa yana kallon rumbu. Haka aka gada, haka ya dace. Har yabon kai ya yi da ita a majalisa: matar yaron nan, ko sautinta ba a ji. Ga shi nan kuwa. Ba a ji.

Tari. Tana shan ruwa ke nan. Tun ranar, ruwa ba ya bin hanyarsa sai ya sarƙe ta — tari kuma maras ƙarfi, mai yoyon iska. Ya san wannan tarin. Ya san abin da yake nufi, ba sai an… a'a. Hantsi bai gama ba tukuna. A bari ta fara.

Indo ce ta fara gani, bayan kakar bara waccan. Ba irin maƙoƙon matan bakin gulbi ba ne, mai laushi, wanda mace za ta haifi goma da shi ta mutu da tsufa. Wannan a hagu yake, shi kaɗai, tauri kamar goruba, a tura shi ya ƙi motsi. An sha rubutu. An sha saiwoyi. Shi da kansa ya ba Indo ƙaho ta kafa mata. Kafin damina ta fita tuwo ya daina wucewa, sai kunu, kunun ma tsararo. In ta kwanta numfashinta fito yake yi. Amma da safe dutse ya gurza, murya ta tashi garau, kamar ba a wuyan take fitowa ba.

Lukuman ya ɗora ta a jaki har Gwandu, wurin Mamman, wanda suka yi koyon aska a zaure ɗaya da Albarka. Mamman ya taɓa ta bisa mayafi, sau ɗaya, ya janye hannu. "Wanga ba maƙoƙo ba na. Daji na. Ku maishe ta gida, ku ba ta abin da taka so." Mamman mai wayo. Mamman da bai taɓa kashe kowa ba don bai taɓa taɓa mai mutuwa ba. Yau ga shi can yana barcinsa lafiya… Likitan Nasara na Birnin Kabi? An ce ya tafi rangadi, ba wanda ya san ranar dawowarsa, in ma ya dawo wa zai kai masa wuyan matar aure?

Sai yaron ya zo zaure ya durƙusa. Yana tonon ƙasa da tsinke. "Baba, kai ka taɓa yi."

Ya taɓa yi. Sau uku a shekara talatin. Me ya sa bai ce ya manta ba? Me ya sa bai ce ido ya yi rauni ba? Liman ya ce lalura ce, babu laifi suruki ya taɓa. Liman ba shi zai riƙe askar ba.

Akuya tana kuka a bayan gida — Gwandu, bayan masallaci, jajibirin layya, tun Nasara ba su zo ba. Bunsuru a ɗaure, an kayar da shi. Ubansa ya tsaga fatar wuyan a gefe, ya buɗa da ƙoshiya, wannan ɗan ƙarfen mai lanƙwasa da ake cire beli da shi. Bunsuru yana ta ihu, duk unguwa na ji. "Duba nan. Cikin kwarin ga, tsakanin maƙogwaro da hanyar abinci. Mi ka gani?" Wani farin abu, siriri, bai kai zaren saƙa kauri ba. Tsohon ya sa hantsaki ya matse shi. Ihun ya dushe nan take. Ya matse na ɗaya gefen. Bakin bunsuru a buɗe, harshe a waje, ciki yana bugawa — shiru. Iska kawai. Albarka ya yi baya har ya taka kwano. "Muryar ɗan Adam ma nan taka rataye. Ido na ruɗi, jini na rufe shi. Kunne ba ya ruɗi. Shi yi ta magana kana aiki. In za ka tambaye shi, ɗaga aska tukuna. Ɗaga, ka saurara, ka maida." Sannan ya yi bisimilla ya yanka bunsurun, aka ci da yaji.

Ɗaga, ka saurara, ka maida. Shekara talatin yana faɗa wa kansa. Ko kaciya zai yi sai ya ji ta a kunne.

Cikin ukun nan akwai Abdulgani Basarke, mai kamun kifi, shekara biyu bayan babbar yunwa. Wannan kam ba sai an roƙe shi magana ba. Tun aska ba ta taɓa shi ba ya fara. Ya zagi askar, ya zagi maƙerin da ya ƙera ta, ya zagi jakin da ya kawo maƙerin Kalgo. Ƙarti huɗu na danne da shi yana bin dangin Albarka ɗaya-ɗaya. Can sai zagin ya sirance, ya koma kamar na tsohuwa — Albarka ya ɗaga, ya saki inda ya ja, ya matsa kaurin gashi. Zagi ya dawo da ƙarfinsa. Bai taɓa jin daɗin a zagi uwarsa ba sai ranar. Har yau kowace shekara Abdulgani na aiko da busasshen kifi, yana kuma kiran kwale-kwale daga wancan ƙetare a ji shi a wannan.

Da ita ma ta zage shi. Wayyo, da ta zage shi…

An jawo dutse. Ga ƙarar tabarma, ga ƙwarya an ajiye. Tsoho da jikoki, yana laɓe a gindin kara. Ya danne hannun dama a ƙarƙashin cinya. Hannun nan tun ranar ba ya zama wuri ɗaya. Mutum uku suka zo aski jiya ya ce su je wurin Lukuman.

Ranar aikin, safiya ce irin wannan. Tsakar gida, inda haske ya fi, an kori kowa. Ya wasa aska tun asuba, ya tafasa ruwan bagaruwa, ƙarfe na cikin wuta don tsayar da jini, ga zuma, ga allura da zare. An sa mata tulin zane a ƙarƙashin kafaɗa wuyan ya miƙe. Indo ta riƙe kai. Ladi, uwarta, da ta zo daga Kambaza, ta riƙe hannuwa. Aka rufa mata baƙin mayafi a fuska don kada su haɗa ido — ita ta roƙa, shi ma ya ji sanyi da aka rufa. Ladi ta kwance bakin zane ta fito da 'ya'yan zaƙami, a jiƙa mata ta sha hankalinta ya gushe. Ya hana. Shi ya hana. Wanda ya bugu ba ya magana, in ba magana kuma da me zai ji zaren? Ya hana ta abin da zai rage mata azaba, don muryar. Don muryar!

Ko umarnin ma bai iya ba ta kai tsaye ba. Indo ya kalla. "Hwaɗa mata ta yi ta karatu. Ƙulhuwallahu, ta yi ta maimaitawa, kada ta tsaya."

Ta kuwa yi. Mayafi na motsi a kan leɓenta. Raɗa.

Aska ta shiga. Ko uhum. Yatsun ƙafarta ne kawai suka naɗe, dunduniya ta haƙa ƙasa. Ladi har da ɗaga kai, hawaye na zuba tana alfahari: "Ɗiyata ba ta kuka gaban surukai." Ba ta kuka. Madalla. An yi tarbiyya.

Raɗa kuwa ba ta bi ta zaren. Iska ce kawai da leɓe. Wanda zarensa ya tsinke ma yana raɗa, bunsurun nan ma da ya iya da ya yi. Wanzami mai aiki da raɗa makaho ne. Ya sani. Ya ce wa Indo ta ce ta ɗaga. Indo ta sunkuya ta faɗa. Raɗar ta ƙara sauri, ba ta ƙara ƙarfi ba. Ya sake cewa. Haka dai. Shekara shida ana yaba mata shiru, yau a hantsi ɗaya, da wuya a buɗe, a ce ta zubar?

Ya san abin da zai fito da muryar. Ya sani sarai. Ya ce ta yi waƙar niƙa, shi ke nan. A sa mata ɗan dutse a hannu ma in ta kama. Maganar ta zo har bakinsa — ta tsaya. Yaya suruki zai ce wa matar ɗansa yi mini waƙa? Gaban uwarta? Kuma in ya faɗa, ai ya tona kansa: ashe tsohon nan yana ji. Ashe duk shekarun nan yana gindin darni. Ashe ya ji ta tari uku. Kunya ta kama shi, shi, da jini har gwiwar hannu. Ya haɗiye.

Laifin raɗa ne. Haka ya faɗa wa Lukuman, haka Indo ta faɗa wa mata, haka Ladi ta koma Kambaza da shi. Yarinya ta ƙi ɗaga murya, Allah ya ƙaddara. Ba wanda ya ce laifinta ne, a'a, wa zai ce? An dai ce kunya ce ta yi mata yawa. Kowa ya karɓa. Har gaisuwa aka zo yi masa, an ce hannunsa da albarka kamar sunansa, ga ta tana cin tuwo, ga ta tana barci ba fito.

Gurza… gurza… An fara.

Ya daina numfashi. Dutse na tafiya, na dawowa. A nan take shiga, a gurza ta huɗu ko ta biyar, in hannu ya kama. Biyar. Shida. Wata maƙwabciya ta yi gyaran murya ta kan katanga, ita ma jira take. Goma. Zakara ya yi cara a banza. Goma sha biyar…

Wataƙila sai gobe. Tsohon ya ce arba'in, amma tsohon annabi ne? Wa ya ce jiki na ƙirga kwana? Wataƙila hamsin. Wataƙila in damina ta sauka, iska ta yi laushi… Shekaranjiya Indo ta tsaya a bakin ɗaki tana juya ludayi, ba ta kalle shi ba. Ta ce ta shafa mata mai a tabon, ta ji wani abu a ƙasa da shi, wajen ƙashin wuya. Ƙarami, kamar ƙwayar gujiya. Mai tauri. Ya ce kumburin ɗinki ne. Indo ta ce to. Shekara talatin da biyar suna tare, ta san yadda yake faɗin ƙarya, ya san yadda take cewa to. Mamman ya faɗa tun farko. Daji ba ya fita da aska, sai dai ya koma ciki ya sake shiri. Ke nan abin da ya saya mata watanni ne. Watanni na tuwo. Da bai taɓa ba, da ta yi su da kunu — tana waƙa.

Zaren kuwa, ya gan shi fa. Abin da ke cinsa ke nan. Ba a makance ya yi ba. Ya share jini, ya ɗaga ƙullin da ƙoshiya, ga shi nan kwance a kwarinsa, fari, siriri, manne da bayan ƙullin. Lafiyarsa lau. Ya ce alhamdu lillahi a zuci. Saura kaɗan, a ɓanɓare shi a hankali da bakin aska, kaɗan-kaɗan, sai —

Sai aka gama. Ƙullin ya fito, an binne shi bayan gida. An ɗinke, an shafa zuma. Shi ke nan. Sai aka gama.

Mene ne wannan?

Ya matsa kunne jikin kara. Ƙarƙashin ƙarar dutse akwai wani abu. Huci. Ba hucin gajiya ba — yana hawa, yana sauka, yana tsayawa inda ake tsayawa. Haa… haa-haa… haa. Ya san wannan hawan. Ya san wannan saukar. Ga tsamiyar bakin hanya, ga kukar mararraba, ga marken da ke kusa da rijiya… Kambaza take kira. Waƙa take yi. Tun ɗazu waƙa take yi, da dukan ƙarfinta, iska na fita ta wuce babu abin da ta kama. Maƙwabciyar ba ta ji ba, har ta koma dakanta. Shi kaɗai ya ji, don shi kaɗai ya haddace.

Kada ya tuna. Ya Allah, kada… Bakin aska na jikin zaren. Gumi na shiga masa ido. Raɗa, raɗa, raɗa, ba ya jin komai, ransa ya ɓaci, tsoro ya cika shi, ya manta da Indo, ya manta da Ladi, karo na farko a shekara shida ya yi mata magana ita da kanta: "Don Allah, don Annabi, ɗiyata, ki ɗaga murya!"

Bai ɗaga askar ba. Ɗaga, ka saurara, ka maida — bai ɗaga ba. Don me zai ɗaga? Ya tabbata ba za ta amsa ba. Sau biyu an faɗa mata ba ta yi ba. Faɗa kawai ya yi don ya huce.

"Baba!"

Garau. Cikakkiya. Muryar darni, muryar hantsi, ga ta a tafin hannunsa, taku babu, kara babu, kuma shi take kira. Shi. Duk jikinsa ya amsa. Hannun ya zabura — kaɗan, kaurin gashi, ko Indo da ke riƙe da kai ba ta gani ba. Bayan nan ta ci gaba da cewa wani abu, mayafi na motsi, wataƙila na'am take cewa, wataƙila ga ni. Iska kawai.

Ta ɗaga. An ce ta ɗaga, ta tattara kunyar shekara shida ta ajiye, da aska a wuyanta, ta ɗaga. Ta yi abin da ya ce. Ita ta san ta yi. Kwana arba'in tana jin ana cewa kunyarta ce ta jawo, tana durƙusawa taku goma kowace safiya, leɓe na motsi, ina kwana Baba… ba ta da abin da za ta ƙaryata da shi. Ko tana da shi ma, za ta yi?

Wani na sallama a zaure. Askin suna ne, an haihu a unguwar masunta, tun jiya aka aiko. Indo na kiransa daga ɗaki, malam, ana magana. Ya kamata ya tashi. Ya kamata ya yi tari uku, ya zaga darnin nan, ya tsaya inda bai taɓa tsayawa ba, ya dube ta ya ce… ya ce me? Da wane baki? In ya faɗa, me zai dawo?

Ya zaro hannun daga ƙarƙashin cinya ya ɗora a gwiwa. Yana rawa. Ya bar shi ya yi ta yi.

Sallama ta biyu. Ya ƙara matsa kunne jikin kara.

Ta cikin kara dutse na tafiya, na dawowa. Haa… haa-haa… Ta wuce rijiya. Ta kai wurin tsoho mai tari uku.